Yadda Teku da Iska Ke Juya Daminar Kano a Tsawon Shekaru

Duk wanda ya haura shekara 70 a Kano ya ga damina iri uku a rayuwarsa. Ya ga ta shekarun 1950 zuwa farkon 1960, lokacin da ruwa yake sauka da wuri kuma ya ɗauke a makare, rumbuna suka cika, dalar gyaɗa ta tsaya a bakin layin dogo tana jiran jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Legas. Ya kuma ga wadda ta biyo baya, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980, lokacin da gero ya riƙa ƙonewa a tsaye kafin ya fitar da kai, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa, mutanen Nijar da na ƙauyukanmu suka kwararo cikin birni neman abin sawa a bakin salati. Har yau 1973 da 1984 ba sa fita daga bakin dattawa. Ga shi yanzu kuma yana ganin iri na uku, wanda ruwa ya dawo amma da wata ɗabi'a dabam: sai a yi kwana da kwanaki ba ɗigo, sannan a yini ɗaya a sheƙa ruwan da zai cika kwalbatoci, ya kayar da katangun ƙasa, ya hana kowa fita.

Abin da ya kamata ya tsayar da mai tunani a nan shi ne tsawon waɗannan zamunna. Da a ce damina sa'a ce kawai ta shekara-shekara, da sai a ga mai kyau da marar kyau a cakuɗe, bana yalwa baɗi ƙaranci, ba tare da wani tsari ba. Amma alƙaluman ruwan sama na yankin Sahel, tun daga Senegal har Chadi, sun nuna shekarun yalwa sun zo a jere kusan 20, na fari su ma suka zo a jere kusan 20, har ruwan shekarun 1970 da 1980 ya gaza na shekarun 1950 da kimanin kashi 30 cikin 100. Iska kaɗai ba za ta iya yin haka ba, domin sararin sama ba ya riƙe hali guda fiye da mako biyu ko makamancin haka. Dole ke nan akwai wani abu mai nauyi da jinkiri wanda yake tsayawa a kan hali ɗaya na shekaru, iska tana bin sa. Wannan abu shi ne teku, duk da cewa tsakanin Kano da Legas akwai fiye da kilomita 800, kuma da yawa daga manoman da lamarin ya fi shafa ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Allah ne ke saukar da ruwa, babu jayayya a kan wannan, amma Shi ne kuma ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sanin sababin nan yana da amfani ga mai noma da mai gini da mai mulki.

Iska biyu ce ke takara a kan ƙasar Hausa duk shekara. Ɗaya busasshiya ce mai zuwa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara, ita ce ke kawo mana hunturu da hazo. Ɗayar kuma mai danshi ce, tana tasowa daga mashigin tekun Gini a kudu maso yamma, ɗauke da tururin da rana ta ɗebo daga Tekun Atilantika. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma wannan iyaka tana tafiya arewa idan rana ta gasa Sahara, domin iska mai zafi takan yi sama ta bar gurbi, iskar teku ta taho ta cike shi. Da bazara mutumin Kano yana jin isowarta a jikinsa: busasshen zafi ya koma mai gumi, iskar dare ta juya ta fara shigowa ta tagar kudu, hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar, manoma su fara binne iri suna duban sama. Ƙarfin da ke janyo wannan iska ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin arewa da sanyin kudu. Daga watan Mayu zuwa Yuni ruwan mashigin Gini yakan yi sanyi da digiri da dama, saboda iska tana ture ruwan saman teku, na ƙasa mai sanyi yana tasowa, sai tazarar ta ƙaru, tushen ruwan sama ya yi tsalle daga bakin teku ya dawo wajenmu a wajen ƙarshen Yuni. A shekarar da ruwan nan ya ƙi yin sanyi yadda ya saba, kamar yadda ya faru a 1984, sai hadari ya yi zamansa a kudu, arewa ta yi ta jira.

To, me ya sa teku yake da wannan iko a kan iska? Dalilin yana cikin yadda ruwa yake riƙe zafi. Mita 3 kacal na saman teku suna iya ɗaukar zafi daidai da wanda dukan iskar da ta lulluɓe duniya za ta ɗauka, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai mita 3,700. Bambancin iska da teku kamar bambancin kwanon rufi ne da ruwan randa: kwano yana ɗaukar zafi da hantsi ya huce da magariba, ruwan randa kuwa ba ya saurin ɗumi kuma ba ya saurin hucewa, yanayin jiya yana nan a jikinsa yau. A 1976 wani masani Bajamushe, Klaus Hasselmann, ya nuna da lissafi cewa ko da iska tana bugun teku ne barkatai, yau ta ɗumama shi gobe ta sanyaya shi, teku yana tara waɗannan bugu ya mayar da su hawa da sauka mai jinkiri na shekaru da yawa. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2021. Darasin da ke ciki yana da muhimmanci: dogon fari ko doguwar yalwa suna iya fitowa daga cikin tsarin yanayi kansa, ba lallai sai wani abu ya faɗo daga waje ba.

Amma teku ba ya tsayawa a karɓa kawai, yana mayar da martani, iska ma ta sake amsawa, abin ya zama ba ni gishiri in ba ka manda. Martanin kuwa iri biyu ne. Akwai mai rura wuta, wanda ƙaramin canji ke haifar da abin da zai ƙara girman canjin. Akwai kuma mai taka birki, wanda ke jawo lamarin ya koma inda ya fito. Idan mai rura wuta yana aiki nan take, mai taka birki kuma sai bayan watanni ko shekaru yake isowa, to lamarin ba zai taɓa tsayawa a tsakiya ba. Zai wuce gona da iri ta wannan ɓangare, birki ya iso a makare ya tura shi har ya wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, a yi ta kai-komo. Wannan shi ne ƙashin bayan dukan juye-juyen yanayi da za a ambata a nan.

Misalin da masana suka fi fahimta yana can Tekun Fasifik, shi ne El Nino, wato ɗumin da ruwan gabashin tekun kan yi a wasu shekaru. Tarihinsa ya faro ne daga yunwa. Bayan daminar Indiya ta gaza a 1899, Gilbert Walker, Baturen Ingila da ya shugabanci ofishin duba yanayi na Indiya daga 1904, ya shiga tattara alƙaluman duniya yana neman abin da zai riƙa nuna fari tun kafin ya zo. A shekarun 1920 ya gano cewa idan nauyin iska ya hau a gabashin Fasifik sai ya sauka a wajen Indunisiya da Ostireliya, idan ya sauka a can sai ya hau a nan. Bai san dalili ba, domin bai duba teku ba. Su kuwa masuntan ƙasar Peru sun daɗe da sanin cewa wasu shekaru ruwan gaɓarsu yakan yi ɗumi kifi ya ɓace, amma ba su san abin da iska ke yi a ɗaya gefen teku ba. Sai a 1969 Jacob Bjerknes, ɗan asalin Norwe da ke aiki a Amurka, ya haɗa biyun ya nuna abu ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. A shekara ta yau da kullum iska tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma a kan layin Ikwaita, tana tura ruwan saman teku mai ɗumi ta tara shi a wajen Indunisiya, har teku a can ya fi na gaɓar Peru tudu da kusan rabin mita, zafinsa kuma ya kai digiri 29 a ma'aunin Selshiyos. A gabas kuwa, inda aka kwashe ruwan ɗumi, ruwan sanyi ne ke tasowa daga ƙasa. Wannan bambanci na ɗumi a yamma da sanyi a gabas shi ne ke ƙara wa iskar ƙarfi, ƙarfinta kuma shi ne ke ƙara bambancin, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Idan wani abu ya sa iskar ta ɗan sassauta, sai ruwan ɗumin da aka tara ya fara gangarowa gabas a ƙarƙashin teku, tafiyar da ke ɗaukar wata biyu zuwa uku, ya danne ruwan sanyi, gabas ta yi ɗumi, bambanci ya ragu, iska ta ƙara sassautawa, ƙarin ruwan ɗumi ya biyo baya. Martani mai rura wuta ke nan. Birkin kuwa shi ne, a tsawon lokacin El Nino teku yana zubar da zafin da ya tara, wani ya shiga iska wani ya bi igiyar ruwa ya bar layin Ikwaita, har rumbun zafin ya ƙare. Daga nan ruwan sanyi ya matso kusa da sama, iskar gabas ta dawo da ƙarfi, sau da yawa fiye da kima, a shiga La Nina, wato kishiyar El Nino, teku ya fara tara wani zafin. Zagayen yana ɗaukar shekara 2 zuwa 7. Manyan El Nino na zamaninmu su ne na 1982 zuwa 1983, da 1997 zuwa 1998, da 2015 zuwa 2016, sai kuma na 2023 zuwa 2024, wanda ya biyo bayan La Nina da ta shafe shekara uku a jere daga 2020.

Tasirinsa yana iso mu duk da nisa. Idan gabashin Fasifik ya yi ɗumi, yakan ɗumama iskar sama ta dukan yankunan zafi na duniya, kuma hadari ba ya jin daɗin tashi inda iskar da ke can sama ta riga ta yi ɗumi, saboda haka daminar Sahel takan yi rauni. Farin 1972 da na 1983 duk sun zo tare da El Nino, ambaliyar 2022 wadda ta yi ɓarna a Jigawa da sauran jihohi kuma ta zo a cikin La Nina. Sai dai ba doka ba ce marar saɓawa, kuma ko da doka ce, zagayen shekara 2 zuwa 7 ba zai bayyana farin shekara 20 ba. Wannan sai an koma Atilantika.

Tun da aka fara auna zafin ruwan arewacin Atilantika an lura yana yin zamunna. Ya yi ɗumi daga wajen 1930 zuwa farkon shekarun 1960, ya yi sanyi daga nan zuwa tsakiyar shekarun 1990, ya sake ɗumi daga wajen 1995 zuwa yau. Bambancin bai kai digiri ɗaya ba, amma a kan faɗin teku guda wannan zafi ne mai yawan gaske. Duk wanda ya jera waɗannan shekaru kusa da tarihin daminarmu zai ga sun yi daidai ƙwarai: ɗumin arewacin Atilantika ya dace da zamanin dalar gyaɗa, sanyinsa ya dace da zamanin fari, dawowar ɗuminsa ta dace da dawowar ruwa. Dalili shi ne tushen ruwan sama na yankunan zafi yana karkata ne zuwa ga ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atilantika ya fi kudancinsa ɗumi, iskar danshi tana samun ƙarfin kutsawa har cikin Sahel, idan kuwa arewa ta yi sanyi kudu ta yi ɗumi, sai ta tsaya a hanya. A nan ma akwai martani mai rura wuta. Inda teku ya ɗan yi ɗumi a arewacin Ikwaita, iskar da ke kaɗawa a kansa takan yi rauni, iska mai rauni ba ta kwasar tururi da yawa, kuma tunda tashin tururi shi ne ke sanyaya ruwa, sai wurin ya ƙara ɗumi. A kudu kuma akasin haka ne ke faruwa, iska ta ƙara ƙarfi ruwa ya ƙara sanyi, tazarar ta faɗaɗa da kanta.

A ƙarƙashin wannan akwai wani motsi mafi girma da jinkiri. Ruwan ɗumi mai gishiri yana tafiya arewa ta saman Atilantika, idan ya isa tekunan da ke kusa da Girinland sai ya ba iska zafinsa, ya yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, sannan ya juyo kudu ta can ƙasa. Na'urorin da aka jera a faɗin tekun tun 2004 sun auna wannan gudu a kan kimanin mita kubik miliyan 17 a kowace daƙiƙa, wato fiye da ninki goma na dukan kogunan duniya a haɗe. Idan gudun ya yi ƙarfi yana kai ƙarin zafi da ƙarin gishiri arewa, gishirin yana taimaka wa ruwa ya nutse, gudun ya ƙara ƙarfi. Amma ɗumin da ya kai yana narkar da ƙanƙara kuma yana rage nauyin ruwan saman teku, sai bayan shekaru nutsewar ta ragu. Ga mai rura wuta ga birki mai makara, amma wannan karon makarar ta shekaru goma-goma ce, ba ta watanni ba.

Ba a zo ga wannan fahimta kai tsaye ba, kuma hanyar da aka bi kafin a zo ta bar tabo a kan mutanenmu. Bayan farin 1973, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa mutanen Sahel ne suka jawo wa kansu. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi na Amurka, ya kawo hujjar cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari-fari ta riƙa mayar da hasken rana sama, iskar da ke kanta ta yi sanyi ta ƙi tashi, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa. Hujjar tana da tushe a kimiyya, amma yadda aka ɗauke ta a siyasa ya wuce abin da ta tabbatar. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977 da rubuce-rubucen da suka biyo baya sun sa makiyayi da mai sassabe da mai faskare a gaba a matsayin masu laifi. Sai a 1986 Chris Folland da Tim Palmer da David Parker na ofishin yanayi na Birtaniya suka nuna cewa ruwan Sahel yana tafiya ne tare da bambancin zafin tekunan arewa da na kudu. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta mai kwaikwayon yanayi zafin tekunan duniya kaɗai na 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata an sare bishiya ko ɗaya ba, sai ga shi ta fitar da yalwar 1950 da farin 1970 da 1980 kusan yadda suka faru. A ganina wannan sakamako ya cancanci a koyar da shi a makarantunmu, domin har yau ana jin masu ilimi suna ɗora farin wancan zamani kacokan a kan talakan ƙauye. Sare itace ɓarna ce, kuma dasa shi alheri ne da babu mai musu, amma Bafulatanin da ya rasa garkensa a 1984 ba shi ne ya sanyaya arewacin Atilantika ba.

Duk da haka ƙasa tana da nata hannu wajen ƙara wa lamarin ƙarfi bayan teku ya fara shi. Ƙasa mai danshi da ganye tana mayar da tururi sama ya sake saukowa a matsayin ruwa, busasshiya kuwa ba ta da abin bayarwa. Akwai kuma ƙura. A shekarun fari iska tana kwasar ƙura mai yawa daga Sahara da Sahel, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, tushen hazon da kan hana jirage sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano da hunturu. Ƙurar tana ƙetare Atilantika, kuma awon da ake yi a tsibirin Barbados tun 1965 ya nuna ta ninka sau da yawa a farkon shekarun 1980. A kan hanyarta tana tare hasken rana, ruwan da ke ƙarƙashinta ya ƙara sanyi, sanyin kuma ya ƙara tsawaita farin da ya tayar da ita. Iyakar abin da irin wannan haɗin gwiwa na teku da ƙasa zai iya yi ya bayyana a tsohon tarihi. Tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ɗan canji a yadda duniya ke zagaya rana ya ƙara zafin bazarar arewa, teku da tsirrai suka rura shi, Sahara ta zama ƙasar ciyawa da tafkuna. Kwale-kwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai shekara kimanin 8,000, na wancan zamani ne.

Akwai muhawara mai zafi a tsakanin masana game da abin da ya sanyaya arewacin Atilantika a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma muhawarar ta shafe mu. Wani ɓangare yana ganin kai-komon gudun ruwan teku ne na asali. Wani ɓangaren yana nuni da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai ɗauke da farar wuta, wanda ya yi yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙa tare hasken rana a kan arewacin tekun, sannan ya ragu daga shekarun 1980 bayan an kafa dokokin tsabtace iska. Michael Mann, wanda yana cikin waɗanda suka yayata batun juyin Atilantika tun farko, ya fito a 2021 yana cewa aman duwatsu masu wuta da hayaƙin ɗan'adam sun isa su bayyana mafi yawansa, ba sai an ce akwai wani zagaye mai ƙayyadadden lokaci ba. Idan wannan ɓangare ne ke da gaskiya, to wani kaso na yunwar Sahel ya fito ne daga bututun hayaƙin ƙasashen da suka zo daga baya da buhunan agaji da nasiha. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne hanyar da tasirin ke bi: ko mene ne ya fara taɓa teku, teku ne ke riƙe canjin ya isar da shi ga iska, iska ta isar da shi ga gonakinmu. Saboda haka kuskure ne a ɗauki lamarin kamar kalanda a ce shekara kaza fari zai dawo.

Inda wannan ilimi ya fi damuna shi ne wajen tsare-tsare, domin rayuwar aiki ta mutum ɗaya ba ta wuce zamani ɗaya ko ɗaya da rabi na wannan juyi, kuma kowa yana ɗaukar abin da ya tarar a matsayin yadda duniya take. A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bisa wannan cika aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin a Borno, amma kafin aikin ya kankama ruwan ya ja baya, a tsakiyar shekarun 1980 tafkin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa, magudanar da aka haƙa ta ɗebo ruwa ta tsaya a busasshiyar ƙasa. An yi lissafi da zamanin yalwa, aka wayi gari a zamanin fari. Mu a Kano kuskurenmu ya bi ɗaya hanyar. Birnin ya fi bunƙasa ne a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci da waɗanda suka biyo bayansu. Kududdufan cikin gari, waɗanda kakanni suka haƙa suna ɗiban ƙasar gini kuma suka zama matattarar ruwan unguwa, an yi ta cike su da shara da ɓaraguzai, a daddaɓe a yanka filaye a ɗora bulo. Fadamu da hanyoyin ruwa da suka daɗe a bushe aka ɗauka sun mutu, aka gina gidaje a cikinsu. Mai gidan bai yi ƙarya ba idan ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin ruwa a wurin ba, sai dai tasowarsa ta faɗo ne a cikin zamanin fari. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ta isa zama gargaɗi na farko, ta Alau da ta cinye Maiduguri a Satumbar 2024 kuma ta nuna gargaɗin bai tsufa ba.

Yanzu kuma ɗumamar duniya ta hau kan wannan tsohon juyi. Teku ya shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin ɗan'adam ya tara, Sahara tana ƙara zafi, Bahar Rum ma yana ɗumi yana aiko mana da ƙarin danshi ta arewa. Binciken da Christopher Taylor ya jagoranta a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, wanda ya dace da abin da muke gani na ruwa mai zuwa a dunƙule. A ɗaya gefen kuma, rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi gudun ruwan Atilantika zai yi rauni a cikin wannan ƙarni, kuma rauninsa yana sanyaya arewacin tekun ne, wato yana ja ta ɓangaren fari. Ƙarfi biyu ne ke jan daminarmu, kowanne ta nasa gefe, don haka jihar da ta yi tanadin magudanan ruwa ta manta da rumbun hatsi da madatsu irin su Tiga da Challawa ta yi rabin aiki ne, haka ma wadda ta yi akasin haka.

Jinkirin teku yana da fa'ida guda babba, shi ne yana ba da damar hasashe. Tunda zafin ruwan teku ba ya saurin gushewa, ana iya faɗin inda damina ta karkata tun kafin a yi shuka, kuma a kan wannan ne hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, ke gina hasashen da take fitarwa a farkon kowace shekara, mai nuna lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsaiko. A teku akwai na'urori masu iyo kusan 4,000 da ke nutsewa zurfin mita 2,000 su taso duk kwana 10 su aika da awonsu ta tauraron ɗan'adam. Raunin yana wajenmu ne a tudu, inda tashoshin auna ruwan sama ba su da yawa, kuma hasashen ba ya isa kunnen manomi a kan lokaci da harshen da yake ji. Ma'aunin ruwan sama ba abu ne mai tsada ba. Ana iya kafa shi a harabar makarantar sakandare ɗaya a kowace ƙaramar hukuma 44 ta jihar Kano, malami da ɗalibansa su riƙa rubuta awon kowace safiya, a tattara alƙaluman a Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, a riƙa karanta hasashen shekara da Hausa a gidajen rediyo tun watan Maris, lokacin da manomi bai riga ya yanke shawara tsakanin gero mai saurin nuna da dawa mai dogon zango ba.